Tauraron Iri

Shekarar da aka turo ni koyarwa wani ƙauye da ke bayan Badaguishiri, ban san sunan tauraro ko ɗaya ba in ban da Zara, ita ma don ana cewa matar wata ce. Ni ɗan Konni ne, a bayan tasha na tashi, inda fitilun masu shayi da na kabu-kabu ba sa barin mutum ya tuna akwai sama. A ƙauyen na yi aure, kuma auren ne ya haɗa ni da taurari, domin surukina shi ne mai faɗa wa gari lokacin da za a fitar da iri.

A wannan kwari ruwan farko mayaudari ne. Sai a sheƙa ruwa cikin bazara, ƙasa ta yi ƙamshi, mutum ya kwashi irinsa ya zuba, gero ya tsiro gwanin sha'awa, sannan sama ta ɗauke kwana ashirin, rana ta ƙone shi ƙurmus. Wanda hakan ta same shi sau biyu a shekara ɗaya, to ya binne abincin baɗi da hannunsa. Shi ya sa mutanen garin suke da wata doka da suka gada. Akwai wani babban tauraro fari da ke tsayawa yamma, ya ɗan karkata kudu, bayan sallar magariba. Kullum yana ɗan sauka, yana matsowa wajen jan da rana ta bari, har ranar da za a duba a rasa shi. Muddin ana ganinsa, ko ruwa ya cika fadama ba a taɓa iri. In ya faɗi, ruwan da ya biyo baya shi ne na shuka. Tauraron iri suke ce masa.

Duban tauraron nan gadon gidan surukina ne. Ba sarauta ba ce, babu rawani, babu ko goro. Amma da bazara ta yi nisa, in an idar da magariba, sai ka ga dattijon ya ɗauki sandarsa ya hau ɗan tudun da ke bayan masallaci, ya zauna kan wani dutse shi kaɗai, fuskarsa yamma. Ba mai binsa. Ranar da abin ya faru sai ya sauko, ya tsaya a ƙofar masallaci kafin lisha, ya ce, “Ya hwaɗi.” Shi ke nan. Maza su watse, kowa ya je ya duba ƙotar sunguminsa, wato doguwar fartanyar nan ta saran shuka. Ni dai ban taɓa ganin kalma biyu masu nauyin waɗannan ba, kuma na lura duk shekara sai ya sa wankakkiyar riga a kwanakin.

Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Tun ina yaro ake ce mini in na kama tambaya sai ta yi kuka. Kunyar suruki tana ja na baya, son sani yana tura ni gaba, har dai wata rana na fake da kai masa tabarma na hau tudun. Na durƙusa nesa kaɗan, kaina ƙasa, na gaishe shi, na ƙi tafiya. Da ya ga ba ni da niyyar sauka sai ya ɗaga sanda, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin boko a can.

“Mushe, kana ganin ukkun can da sunka jeru? Zomo na, da kare, da mai kare. Bi su hagu. Wanda ka ƙyalli awa ana hura mai wuta, shi na.”

Na bi sandar, na gan shi. Ya fi kowane tauraro haske, yana rawa, yana sauya launi, fari, shuɗi, ja, kamar ba zai iya zama wuri ɗaya ba. Na ce, “Baba, to Zara fa? Ai wani lokaci ta fi shi haske.”

Ya yi tsaki. “Waccan yawo ta ka yi. Bana tana yamma, baɗi tana gabas. Ba a ba mai yawo ajiyar iri.”

Daga ranar na kamu. Duk bazara nakan tsaya a filin lakwal, wato makarantarmu ta boko, bayan magariba in neme shi, ina yi wa kaina tsere da dattijon a ɓoye. Kullum yana riga na ko in riga shi da kwana ɗaya ko biyu, kuma kullum faɗuwar tana zuwa daidai makon da muke jarrabawar ƙarshen shekara. Har na saba, in na fara gyara takardun yara, na san ana gab da jin kalmomin nan biyu.

Sai wata shekara ya sauko daga tudu tun ban gama rubuta tambayoyin jarrabawar ba. Ban kawo komai a raina ba, na ce ko hukuma ce ta matsar da ranar jarrabawa ban lura ba. Shekarar da ta biyo ya ƙara sammako da kusan mako guda. A wannan karon abin ya yi ciwo. Aka yi ruwa, gari ya yi shuka, sama ta ɗauke. Rabin gonakin sai da aka sake su, wasu har da irin kasuwar Badaguishiri, wanda ba su san halinsa ba. Ba wanda ya ce wa dattijon uffan. Aka ce haka Allah ya so, amma na ji ƙananan maganganu a bakin rijiya. A gidanmu dai irin da ya rage a rumbu bayan wannan shekara na shuka ɗaya ne tak, in ya ƙone babu na biyu.

A shekara ta uku, ranar wata Laraba, na tsaya a filin lakwal na ga tauraron tsaye ɗoɗar bisa gawon da ke bakin hanya, tsakaninsa da ƙasa ya fi tsawon mutum biyu, yana ta ƙyallinsa. Na taho masallaci hankali kwance. Ina cire takalmi sai ga surukina cikin wankakkiyar riga, ya tsaya a ƙofa ya ce, “Ya hwaɗi.”

Na waiwaya yamma. Yana nan, wallahi yana nan, ko makaho ya shafa ya ji. Na dubi mutane, ba wanda ya ɗaga kai. Samari ba su san tauraron ba, ba su kuma damu su sani ba. Tsofaffi biyu-uku da suka san shi sa'o'insa ne, sun daɗe da bar masa aikin. In ma akwai wanda ya gani, to ya yi abin da ni ma na yi: na ce a raina abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na yanke cewa ni ne na ɓata, shekara da shekaru ina gadin tauraron da ba shi ba.

Amma raina ya ƙi kwanciya. Washegari na tari liman da tambaya, ba tare da na ce masa don me ba. Ya ce wannan ai Shi'ira ne, sunansa yana cikin Alƙur'ani, a Suratun Najmi, inda Allah ya ce shi ne Ubangijinsa. Ya ce ba ya gaba ba ya baya sai da izini. Na ce haka ne, Allah gafarta malam, na wuce. Da yamma na je wajen wani Buzu da ke sauka da bisashensa a gonar surukina duk rani don taki. Na nuna masa. Ya yi dariya ya ce su da harshensu kare suke ce masa, kuma ga shi nan, sai nan da kwana goma ko fiye zai shige. Ashe ban ɓata ba. To in ban ɓata ba, me ke faruwa? Tauraro yana faɗuwa sau biyu ne? Ko akwai wata alama a jikinsa da dattijon ke karantawa, wadda ni ban iya ba? Har na fara tunanin ko sauya launin nan da yake yi shi ne maganar.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Konni. Ina da aboki tun na lakwal wanda ke koyar da kimiyya a lise, wato babbar sakandare, mutum mai son a tambaye shi kamar yadda nake son tambaya, shi ya sa muka daɗe tare. Na same shi yana wanke babur. Da na kwatanta masa tauraron sai ya yar da soson ya shiga zuba.

Ya ce nasara Siriyus suke ce masa. Ya ce rana ce irin tamu, har ta fi tamu girma da zafi, nisa ne ya mai da ita ɗigo. Kuma wai a cikin taurari wannan maƙwabci ne na kusa, shi ya sa ya fi saura haske, amma duk da kusancin, hasken da na gani ranar Laraba ya baro can shekara takwas da 'yan watanni. Na lissafa a zuci, na ga lokacin ko aure ban yi ba. Ya ce yana da wani ɗan ƙaramin aboki da ido ba ya gani, suna zagaya juna, zagaye ɗaya shekara hamsin. Rawar da yake yi da sauya launi kuwa ba nasa ba ne, iskar da ke tsakaninmu da shi ce ke kaɗa hasken, musamman in ya sauko ƙasa-ƙasa. Faɗuwar ma ba faɗuwa ba ce. Mu ne ke zagaya rana, sai ta zo ta tsaya ta wajensa haskenta ya rufe shi, bayan wata ɗaya da rabi ya ɓullo ta gabas da asuba.

Duk na ji daɗin wannan, har na manta abin da ya kawo ni. Sai da ya tsaya shan ruwa na ce, “To ranar da ya ka ɓacewa, tana matsawa?”

“Cikin rayuwar mutum guda? Ko kakanka da jikanka sunka yi gardama, kwana guda za su yi wa.”

Na ba shi labarin surukina. Ya ɗauki soson yana matsewa. Ya ce, “Abu ukku na cikin maganag ga. Da tamraro, da iska, da ido. Tamraro bai gusa ba. Iska kuwa, kai da shi guda kuka kallo ta cikinta, kuma kai ka gani.” Bai ƙarasa ba, ya koma kan babur ɗinsa.

A mota, muna bin bayan wata babbar motar siminti da ta hana mu wucewa tun daga Malbaza, na yi ta ƙoƙarin tuno idon surukina. Na kasa. Na san takalmansa, na san wanda aka ɗinke da zaren buhu. Na san babban yatsansa na dama da fartanya ta taɓa tsagawa. Na san bakin rigarsa da gindin sandarsa. Shekara bakwai ina gaishe shi safe da yamma, ban taɓa ɗaga kai na dubi tsakiyar idonsa ba, don ba a yi. Da na isa gida na tambayi matata. Ita kuwa 'yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa, ita ma ba ta zama inda yake. Ta ce rabonta da kallon fuskarsa sosai tun tana 'yar ƙarama. Ƙannenta maza in yana magana ƙasa suke kallo. Gari guda ana girmama mutum, an rasa mai duban idonsa.

Da safe na kai masa gaisuwa, yana zaune a zaure yana fuskantar ƙofa. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na saci kallo. Baƙin idonsa duka biyu ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Tausayi ya kama ni, kunya ta kama ni, kuma, Allah ya yafe mini, har da ɗan daɗin nan na wanda ya warware lissafi.

Daɗin bai daɗe ba, domin tun azahar gabas ta fara haɗa hadari. In aka yi ruwa, gari zai fita shuka a kan maganarsa, da irinmu na shuka ɗaya. In na yi magana, na tsaya gaban surukina na ce masa ba ya gani, na kuma karɓe masa abu ɗaya da yake sa wa wankakkiyar riga. Bakina ba zai iya ba. Sai na tuna da taubashiyarsa, wata tsohuwa mai sayar da daddawa a bakin kasuwa, 'yar kawunsa. Ita kaɗai ce a duniya ke iya ce masa bawa ya yi dariya.

Na zayyana mata komai, har da shekara takwas da ɗan ƙaramin abokin. Ta saurare ni tana ƙulla daddawa.

“Yo Mushe, sai yau ka sani? Shekara biyu ke nan shina kai hannu gehen akushi. Yanar ido ta, irin ta uwarshi.”

“Gwaggo, kin sani ba ki hwaɗi ba?”

“Wa ya tambaye ni? Ni na san ido, ban san tamraro ba. Kai ka san tamraro, ba ka san ido ba. Ɗauko tabarma mu tahi.”

Ko da ya riga ya sanar, bai daina hawa tudun ba, sabo ne. Muka same shi kan dutsensa. Gabas ta yi baƙi, amma yamma tas take. Tsohuwa ta zauna kusa da shi ba ko sallama.

“Kai bawana, mi ka ka kallo?”

“Abin da ya hi ƙarhin mai daddawa.”

“To mai daddawa tana ganin tamraronka, ga shi can bisa gawo. Kai ko gawon ba ka gani. Yaushe za ka hwaɗa ma mutane yana ta rufe ma ido?”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na jira ya mayar mata da baƙar magana kamar yadda suka saba, bai mayar ba. Ina jiyo ana kiran awaki a cikin gari. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Mushe, kana nan?”

“Ina nan, Baba.”

“Shina nan?”

“Shina nan, Baba.”

Ya ɗaga sandar ya nuna yamma, ya saɓa da nisa. Na matso na kama bakin sandar na gyara mata tsayi. Ya daɗe yana kallon inda ta nuna.

“Ni cewa ni kai shi na ka tsuhwa,” in ji shi. “Bara na ga ya dushe, na ce ko taurari ma suna gajiya.”

Muka sauko.

Ruwa ya sauka kafin asuba, mai yawa. Gari na wayewa maza suka taru a ƙofar gidansa da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoren iri, don a al'ada shi ke fara sara. Ina tsaye a gefe ina addu'a ya ce ba shi da lafiya, ko ya turo wani, ko ya samo wata dabara ta manya. Ya fito da tsohuwar rigarsa ta gona, ya tsaya.

“Ku mai da iri rumbu. Tamraro bai hwaɗi ba. Idona na ya mutu, ban sani ba. Shukab bara da ta ƙone, ni na sa ku. Ku gahwarce ni.”

Ba wanda ya san inda zai sa idonsa. Liman ya ce Allah ya ba da lafiya, aka amsa. Sannan wani magidanci daga baya ya ce shi kam ƙasa ta jiƙa, ba zai zauna kallonta ba. Ya juya, wasu suka bi shi. Kamar rabin gari suka yi shuka a ranar, mu da sauran muka jira har tauraron ya faɗi da gaske, a makon jarrabawa, ni na duba na gaya masa.

Da labarin ƙirƙira nake yi da na ce shukarsu ta ƙone tamu ta yi. Ba haka aka yi ba. Shekarar ruwa bai yanke ba ko sau ɗaya. Waɗanda suka ƙi jira suka riga mu cin tumu, geronsu ya fi namu tsayi, kuma ba su ɓoye jin daɗinsu ba. Na sha jin ana cewa ashe dai dokar ma ba ta da wani amfani. Abokina na Konni ya ce shekara ɗaya ba ta isa hukunci ba, amma shi ba a garin yake kwana ba. Har yau ban san ko na kyauta ba. Na san dai gaskiya na bi, kuma na san wanda ya biya.

Bayan girbi muka kai shi asibiti aka cire yanar ido ɗaya. Da aka kwance bandejin ya yi ta kallon tafin hannunsa yana dariya. Bazara ta zagayo, ya koma kan dutsensa, ni kuma ina filin lakwal, kuma a rana ɗaya muka rasa tauraron, ni da shi. Na yi sauri na zo masallaci. Ya sauko ya tsaya a ƙofa inda ya saba tsayawa. Maza suna zaune a kan tabarmi sun kewaye rediyon wani, ana bayanin yadda damina za ta kasance. Ya gyara murya. Wani ya ɗago ya ce, “Sannu, Baba,” ya matsa masa wuri, ya koma ga rediyo.

Ya ɗan jima a tsaye. Sannan ya juyo, ya neme ni da idon nan guda mai gani har ya same ni, ya matso kusa yadda ba mai ji sai ni.

“Mushe, ya hwaɗi.”

Na ce, “To, Baba. In an yi ruwa sai mu hita.”